Hannun da Na Sa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Malama da duk mutanen gida. Yaya gwiwa? An ce bana ta matsa maka, Allah Ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ke fama da haƙori.

Na san sai ka juya takardar nan ka duba wa ya aiko ta. Ni ce jikar Gwaggo Ƙarama, ni ce aka sa wa sunan mahaifiyarka, nas ɗin nan da ta auna maka jini a tsakar gida shekara shida da suka wuce, har ka ce na fi likitanka iya tsoratarwa. An ce kunne ya raba ka da waya, shi ya sa na ɗauko biro.

Kawu, an kore ni daga aiki.

Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin yara na babban asibiti. Tun bara tukwanen iskar numfashi guda shida muke da su, amma da wuya ka samu biyu da iska a ciki. Mun rubuta, mun sake rubutawa, shiru. Sai mu goma sha huɗu muka kafa 'yar ƙungiya, muna zama duk ranar Laraba a ɗakin cin abincin ma'aikata bayan an tashi. Ni ce marubuciya, saboda wai rubutuna ya fi kyau. Wata rana na fito ƙofar asibiti sai ga wani ɗan jarida daga gidan rediyo, ya tambaye ni ko gaskiya ne babu iska. Na ce gaskiya ne. Ya ce tun yaushe? Na ce tun bara. Ya ce an gaya wa hukumar asibiti? Na ce sau bakwai. Wallahi Kawu iyakar abin da na ce ke nan.

Bayan kwana takwas ina cikin ɗaura wa wani yaro ruwa masinja ya miƙo mini ambulan. Na sa a aljihu sai da na gama. Layi huɗu ne: na ɓata sunan asibiti, na kafa ƙungiya ba da izini ba, in ajiye makullin kabad in tafi. Washegari aka manna sanarwa a ƙofar ɗakin cin abinci cewa an haramta taron fiye da mutum uku.

Wata lauya ta ce mu kai ƙara. Baban yara ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na lura tun ranar yana daɗewa a shago, firji ɗaya sai ya yini yana gyara. Ni kuwa ban taɓa taka ƙofar kotu ba. Kai ka yi shekara talatin da ɗaya kana tafinta a cikinta. Ka gaya mini gaskiya, ana samun adalci a wurin nan, ko in rufa wa kaina asiri?

A gaida Malama.

'Yarka.

*

Uwata ta kaina,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo ranar Alhamis, na karanta ta sau biyu, na farko da tabarau, na biyu da tabarau da gilashin ƙara girma, don idon ma ya fara bin sahun kunne. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Malama tana amsawa, ta ce a shafa wa mai haƙori kai.

Ba sai kin gabatar da kanki ba. Mutum ba ya manta wadda ta hana shi gishiri.

Allah Ya maida miki da alheri. Kin tambaye ni ko ana samun adalci a kotu. Ana samu, amma ba ya zuwa a ranar da aka gayyace shi, kuma sau da yawa ba ya shigowa ta ƙofar da ake jiransa.

Maganarki kan murhu mai duwatsu uku take zaune. Na ɗaya bakinki, wato ko kina da ikon faɗin gaskiya in an tambaye ki. Na biyu taronku. Na uku shi ne wanda ba ki ce komai a kansa ba, kuma shi na fi so in ji: kafin ambulan ɗin nan ya zo, an kira ki? An zaunar da ke an ce ga abin da ake zarginki da shi, me za ki ce? In ba a yi ba, to ki riƙe wannan da kyau. Na san ranki zai so a yi maganar yara da iska, ki ga kamar wannan ƙaramin abu ne. Alƙalai sukan yi ta kewaye-kewaye a kan maganar baki, amma ban taɓa ganin alƙalin kirki da ya haɗiye hukuncin da aka yanke wa mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Sai ƙananan abubuwa. Kada ki yar da ambulan ɗin, kwanan watan da ke jikinsa shaida ne. Takardun nan bakwai da kuka rubuta, ki nemo kwafinsu tun kafin su yi ƙafa. Ki tafi da 'yar matashi, bencin kotu ba shi da imani. In an ce ƙarfe tara, ki je takwas da rabi, ki kuma shirya zama har la'asar a ce miki an ɗage. In lauyansu ya yi miki tambaya, ki amsa abin da ya tambaya ki tsaya. Kada ki taimake shi da ƙari.

Ban ce ki shiga ba, ban ce ki fasa ba. Ke za ki zauna a bencin.

Kawunki, tsohon tafinta.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, haƙori ya fito, guda biyu ma. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, a tsaye nake yi kafin in kai yara makaranta.

Amsar tambayarka: ba a kira ni ba. Ko sau ɗaya.

Mun shigar da ƙara, an zauna sau biyu, an ɗage sau biyu. Ka yi gaskiya kan benci. Lauya ta ce akwai takardun da zan je ofishinta mu kammala kafin zama na gaba.

Yanzu asibiti sun fito da wata dabara. Sun buga takarda, wai duk wadda ta sa hannu cewa ta yi nadama kuma ta fita daga ƙungiya, an yafe mata. Ni ma an aiko mini, an ce in na sa hannu na janye ƙara zan koma ɗakina. Tara daga cikinmu sun sa. Har da Doguwa, ƙawata, wadda muka fara aiki rana ɗaya, ita ce ma ta fara kawo shawarar ƙungiyar. Ta zo gida ta zauna a bakin gado tana kuka, ta ce mijinta ba shi da lafiya, ba za ta iya ba. Na ba ta ruwa.

Na yi kwana huɗu ina juya abin. Jiya dai na shirya na je ofis na sa hannu. Tun da na fito nake jin kamar an sauke mini dutse daga ka. Ka taya ni addu'a.

'Yarka.

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi mana yawa makon nan, rufin ɗakin baya yana yoyo.

Na ga kin sa musu hannu. Kada ki sa ran zan yi miki faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutum tara ba duka matsorata ba ne. Na daɗe ina riƙe da biro kafin in fara, don akwai abin da nake so ki sani, wanda ko Malama ban taɓa gaya wa ba.

A shekarata ta biyu da fara aiki aka kawo wani dattijo, shugaban masu dako na babbar kasuwa. Laifinsa ya tara mutane ba da izini ba. Ba ya jin harshen kotu, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Da aka zo ƙarshe alƙali ya ce a tambaye shi ko yana da abin cewa kafin a yanke hukunci. Mutumin nan ya gyara tsayuwa ya yi magana mai tsawo. Ya ce ba su taru don faɗa ba, sun taru ne su lissafa waɗanda buhu ya karya wa baya, su roƙi a rage nauyin buhu. Ya ce tun da aka kama shi babu wanda ya tambaye shi abin da ya tara su, sai yau. Ya ambaci mutum biyar da za su shaide shi, suna nan waje a gindin bishiya.

Alƙalin nan mai zafi ne, ya riga ya fara rufe fayil. Magatakarda yana nuna mini agogo. Ni kuma ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, ga jariri a gida. Na buɗe baki na ce, “Yana roƙon sassauci, ya mai shari'a.” Shi ke nan abin da na fassara.

Aka ba shi shekara biyu. Da za a fita da shi ya waiwayo ya ce mini, “Na gode, ɗana, ka isar mini.”

Bayan nan na yi shekara ashirin da tara ban sake rage wa kowa ko kalma ɗaya ba, har alƙalai suna ce mini mai dogon zance. Bai goge wancan ba.

Saboda haka ba ni da bakin da zan zarge ki. Ke kanki kaɗai kika sa wa hannu, ni na wani na yanke. Ki koma ɗakin yaranki ki yi aikinki da kyau, Allah Ya san zuciya.

Kawunki.

*

Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fatan an gyara rufin. Muna lafiya. Na yi mako uku ban amsa ba, kuma da gangan ne, gara in faɗa maka.

Kawu, ofishin lauya na je! Takardar rantsuwa na sa wa hannu, wadda na bayyana duk abin da ya faru, aka kai kotu. Tasu takardar tana nan ƙarƙashin katifa babu ko ɗigon tawada. Da na karanta farkon wasiƙarka sai da na yi dariya, na kira baban yara na ce zo ka ji Kawu ya mayar da ni aiki. Daga baya raina ya ɓaci. Na ce ashe haka ka ɗauke ni, ko tambaya babu ka yanke? Na ɗauko tawa wasiƙar a raina na sake bi, sai na ga laifina ne, ofis biyu ne a cikinta ban ce wanne ba. Wadda take ƙara don ba a tambaye ta ba, ga shi ita ma ba ta iya bayani ba.

Sauran wasiƙar ban karanta wa kowa ba. Na karanta ni kaɗai. Ba zan ce maka ba komai ba ne, ka fi ni sanin komai ne. Amma ban rage ganin girmanka ba. Dattijon nan, ka sake ganinsa bayan ya fito?

Bari in ba ka labarin zaman kotu na ranar Litinin. Sakataren asibiti ya shiga akwatin shaida da babban fayil. Lauyata ƙaramar mace ce, muryarta ba ta da ƙarfi, sai da alƙali ya ce ta ɗaga.

Ta ce, “Kun kira ta kafin ku kore ta?”

Ya ce, “Mun rubuta mata.”

“Me kuka rubuta mata?”

“Takardar kora.”

“Kafin wannan fa?”

Ya buɗe fayil yana ta juya shafi. Alƙali ya cire tabarau ya jira shi. Can sakataren ya ce, “Abin a bayyane yake, kowa ya ji ta a rediyo.”

Ta ce, “Abin da ta faɗa a rediyon ƙarya ne?”

Lauyansu ya miƙe ya ce ba wannan ake shari'a ba. Alƙali ya ce shaida ya amsa. Sakatare ya ce shi ba ma'aikacin jinya ba ne, bai san adadin tukwane ba.

Da aka zo kaina na bi maganarka, na amsa abin da aka tambaya na tsaya, ko da yake harshena yana ƙaiƙayi. Da na juyo zan sauko sai na hango Doguwa a bencin ƙarshe, da kayan aiki a jikinta, ta rufa da mayafi. Kafin a tashi ta fice.

An sa ranar hukunci nan da wata biyu.

'Yarka.

*

Kawu,

Lafiya kuwa? Yau mako bakwai ban ji daga gare ka ba. Kullum sai na sa baban yara ya biya gidan waya. In maganata ce ta yi tsauri, ka yafe mini, ɗa ba ya fin ƙarfin a ja masa kunne. In kuma tambayar da na yi ce kan dattijon nan, ka bar ta, ban da hurumi. Layi ɗaya ya ishe ni, in san kana lafiya.

'Yarka.

*

Uwata,

Wannan ba rubutuna ba ne, kin gani. Malama ce ke rubutawa ina faɗa, ta kuma yi alkawari ba za ta gyara mini magana ba, ko da yake shekara talatin tana gyara ta 'ya'yan mutane da jan biro. Muna gaishe ku duka.

An yi mini aikin yanar ido, na dama. Ta farko cikin wasiƙunki biyu na ƙarshe ta iso ana gobe za a kwantar da ni, na ce in na fito na karanta. Na fito da bandeji, likita ya ce ban da karatu sai ya ba da izini. Malama ta ce kawo in karanta maka. Na hana. Na san abin da na rubuta miki, na san za ki taɓo shi. Na sa takardar a aljihun riga ina yawo da ita, ina zaton kin koma aiki kina ba ni labarin ɗakin yara. Da ta biyun ta zo, Malama ta ce yarinyar nan ba ta rubutu sau biyu a banza, ko ka ba ni ko in ƙwace. Kin san ba a ja da malaman makaranta.

Ta karanta har ta zo kan dattijo, ta tsaya ta ce, “Wane dattijo?” Na gaya mata duka. Sai ta ce, “Shekara arba'in muna ɗaki ɗaya da dattijon nan ban sani ba?” Ba ta yi mini magana ba har yamma. Da yamma ta kawo mini maganin ɗigawa ta ɗiga mini da kanta.

Kin tambaya ko na sake ganinsa. Sau ɗaya, bayan shekara huɗu, a bakin kasuwa. Ya daina dako, yana zaune yana ɗinkin buhu. Ya gane ni, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa na wuce da sauri. Da na yi niyyar komawa, bayan wasu shekaru, aka ce ya rasu.

Ni ne zan nemi gafararki. Na karanta layi ɗaya na yanke miki hukunci. Na ji daɗi da kuskurena ya zama kuskure, ban taɓa jin daɗin kuskure irin wannan ba. Lauyarki ta iya aiki, ki gaya mata wani tsoho ya ce haka.

Ki rubuto da zarar an yanke, kowane iri ne.

Kawunki.

Ni ce Malama. Bai ce in rubuta wannan ba. Ya sa na maimaita masa wurin sakatare da fayil sau uku, yana dariya har na ji tsoron ɗinkin idon. Ki riƙa rubuta manyan baƙaƙe.

*

Kawu da Malama,

Assalamu alaikum. Sannu Kawu, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana Malama. Ga manyan baƙaƙe nan, takarda uku suka ci. Mu nan lafiya, ƙaramar ta fara tafiya, ta kama kujera ta saki.

An yanke. Alƙali ya yi kusan awa yana karantawa. Ya ce korata ba ta da tushe tun da ba a ji ta bakina ba, a mayar da ni. Ya ce asibiti ba shi da ikon hana ma'aikata taruwa a lokacin da ba na aiki ba, a cire sanarwar. Da ya zo kan maganar rediyo na gyara zama. Sai ya ce tun da ya riga ya soke korar, ba ya bukatar ya ce komai a kan wannan, in asibiti na da ƙorafi su kira ni su tambaye ni yadda doka ta ce. Kawu, sai na ji kamar an ba ni riga babu hannu ɗaya. Lauya tana murna, baban yara yana murna, ni ina tsaye ina jiran a ce abin da na faɗa gaskiya ne. Ba a ce ba.

Sun kuwa kira ni. Mutum biyar a bayan dogon tebur, ni kaɗai a gabansu da kwafin takardunmu bakwai. Na karanta musu ɗaya bayan ɗaya, da kwanan wata. Babu wanda ya katse ni. Bayan mako suka ba ni takardar gargaɗi, wai nan gaba in bi ta hannun hukuma. Lauya ta ce za mu iya ƙalubalantar wannan ma. Na ce ta bar ni in numfasa tukuna.

Na koma ɗakin yara ranar Litinin. Tukwane huɗu na samu da iska. Ban tambayi dalili ba.

Shekaranjiya Laraba muka zauna a ɗakin cin abinci. An cire sanarwar, saura tabon gam a jikin ƙofa. Mu biyar da ba mu sa hannu ba muka jera kujeru goma sha huɗu, don ba mu san yadda za mu yi da sauran ba. Muna zaune kowa na kallon tebur, sai aka turo ƙofa. Doguwa ce, da wasu uku a bayanta. Suka tsaya a bakin ƙofa ba su zauna ba. Wata daga cikinmu ta ce, “Waɗanda suka yi nadama me suka zo yi?” Zuciyata ta ce in bar ta ta faɗa, don ni ma abin yana raina. Amma na buɗe littafin taro na ce ba a yanke wa kowa hukunci a ɗakin nan sai an ji shi.

Doguwa ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta ce ba ta zo kare kanta ba. Ta ce ma'aunin jarirai ya lalace tun wata biyu, da hannu suke kintace, tana so a rubuta.

Na rubuta. Na tura mata kujera da ƙafa, ta zauna.

A gaida kowa da kowa. Kawu, ban da gishiri.

'Yarku.